Zinare da Dalma a Jijiya Ɗaya



Yau zancenmu kan zinaren Zamfara ne. A jijiyar farin dutse yake kwance, kuma a wasu ramukan Anka da Bukkuyum, tare yake da dalma.

To, ina matsalar? A wurin niƙa. An kai dutsen gida, an zuba a injin niƙan hatsi, a bushe. Ƙura ta tashi, ta sauka a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A 2010, yara wajen 400 muka rasa saboda gubar dalmar da ke cikin wannan ƙura.

'Yan'uwa mahaƙa, don Allah a niƙa da ruwa. A niƙa nesa da gida. A yi wanka, a canza tufafi kafin a ɗauki yaro.

Sai mun sake haɗuwa.