ALƘALAMI DA NA'URA: KAYAN AIKI DA ƊABI'UN MARUBUCIN TALLA



GABATARWA

Talla sana'a ce daɗaɗɗiya, ta girmi takarda da jarida da rediyo. Yarinya mai tallan fura da ɗan koli mai kirarin hajarsa duk sun san cewa kalma ita ke fara tsai da mai wucewa kafin kaya su yi maganar kansu. Abin da zamani ya kawo shi ne mutumin da ake biya domin ya zauna ya rubuta waɗannan kalmomi, watau marubucin talla. A Nijeriya wannan aiki ya kafu sosai tun daga 1928, lokacin da aka buɗe kamfanin West African Publicity a Ikko, wanda daga baya ya koma Lintas. Yau sana'ar ta wuce hannun kamfanoni kaɗai. Ma'aikacin da aka ce ya rubuta sanarwar rigakafi, da ɗalibin da ke tallata ɗinkin yayarsa a Facebook, duk aikin marubucin talla suke yi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Manufar wannan lacca ita ce a duba manhajojin kwamfuta da ke taimakon irin wannan marubuci, da kuma ɗabi'un aiki da ke sa taimakon ya yi amfani. Jigon maganar guda ne. Manhaja tana rage wahalar hannu ne, amma sanin kaya da sanin mutane da sanin harshe suna nan a wuyan marubuci. Bahaushe ya riga ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka za a bi aikin mataki-mataki, a kowane mataki a faɗi ɗabi'ar da ya kamata, sa'an nan a ambaci kayan aikin da ya dace da ita.

MATAKI NA FARKO: TARA SANI

A 1958 David Ogilvy, ɗaya daga cikin mashahuran marubutan talla na ƙarni na 20, ya sami aikin tallata motar Rolls-Royce a Amurka. Kafin ya rubuta ko kalma ɗaya sai da ya shafe mako 3 yana karanta duk abin da aka rubuta game da motar. Cikin karatun nan ya ci karo da bayanin wani masanin motoci, cewa idan motar tana gudun mil 60 a sa'a, ƙarar da ta fi kowace tashi a cikinta ita ce ta agogonta. Wannan bayani ya ɗauka ya yi kanun tallar da shi, har yau kuwa ana koyar da ita a makarantu. Abin lura a nan shi ne, kanun ya fito ne daga karatu, bai faɗo daga sama ba.

James Webb Young, na kamfanin J. Walter Thompson, ya tsara wannan hanya cikin wani ɗan littafi da ya fito wajen 1940. Ya ce dabara tana zuwa ne ta matakai 5: a tara bayani, a tauna shi, a ajiye shi a kama wani abu dabam, sai dabarar ta ɓullo, sa'an nan a gyara ta a gwada ta a gaban mutane. Mai gaggawa yakan tsallake na farko da na uku, ya zauna yana cizon alƙalami.

Kayan aikin wannan mataki shi ne rumbun ajiya. Marubutan dā sukan yanko tallace-tallacen da suka burge su daga jaridu, su adana a fayil. Yanzu manhajoji irin su Evernote da OneNote da Google Keep suna yin wannan aiki a wayar salula, har mutum ya iya binciko abin da ya ajiye shekara 2 da suka wuce ta hanyar buga kalma ɗaya. Ga mai rubutu da Hausa, abin da ya fi cancanta a zuba cikin rumbun shi ne maganar mutane da kansu: yadda mai awo ke yabon shinkafarsa, yadda uwa ke kwatanta zazzaɓin ɗanta, irin ƙorafin da masu saye ke rubutawa a ƙarƙashin talla. Manhajar Google Trends, wadda aka fito da ita a 2006, tana nuna kalmomin da mutane suka fi nema a intanet a wata ƙasa ko jiha, amma fa ba ta jin abin da ake faɗa a bakin kasuwa. Wannan sai ƙafa ta kai mutum.

MATAKI NA BIYU: ZAMAN RUBUTU

Babban abokin gāban marubuci a yau yana cikin aljihunsa. Na'urar da yake rubutu da ita, ita ce kuma ke kawo masa saƙo da labari da hira. Tun kafin a yi wayar salula ma, ƙwararru sun gane cewa hankali yana bukatar shinge. Eugene Schwartz, marubucin tallar wasiƙa a birnin New York, yakan saita agogo a kan minti 33 da daƙiƙa 33. Cikin wannan lokaci ba ya tashi daga kujera, ba ya kuma taɓa wani aiki sai wanda ke gabansa. In agogo ya kaɗa sai ya tashi ya huta kaɗan, ya dawo. A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da irin wannan tsari: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye 4 a yi hutu mai tsawo. Akwai manhajoji da yawa da aka gina a kan tsarin, akwai kuma masu toshe shafukan hira har lokacin aiki ya cika, kamar Freedom. Duk da haka agogon waya ya wadatar, muddin an kashe intanet.

Ɗabi'a ta biyu ita ce raba rubutu da gyara. Wanda ke rubuta jimla yana goge ta nan take ba zai kai ƙarshen shafi ba. A zamanin tafireta gyara yana nufin sake buga shafi ɗungurungum. Da manhajojin rubutu suka zo, irin su WordStar a ƙarshen shekarun 1970 da Microsoft Word a 1983, sai gyara ya yi arha, arharsa kuwa ta zama tarko. Maganin abin shi ne a zubo daftarin farko gaba ɗaya, a bar shi ya kwana, kashegari a dube shi da idon baƙo.

Ɗabi'a ta uku ta shafi kanu. Ogilvy ya bayyana cikin littafinsa na 1963 cewa masu karanta kanun talla sun ninka masu karanta cikinta sau 5, shi ya sa ba ya rubuta ƙasa da kanu 16 domin talla guda. A intanet ma filin ya ƙara matsewa. Tallar Google ba ta karɓar kanun da ya wuce harafi 30, bayaninta kuma iyakarsa harafi 90. Don haka ma'aunin ƙirga haruffa, wanda ke cikin kowace manhajar rubutu, ya zama abin dubawa kullum. Inda aiki ya haɗa mutane da yawa, Google Docs yana ba marubuci da mai kaya damar duba takarda ɗaya a lokaci ɗaya, yana kuma adana tarihin kowane gyara, ta yadda in gardama ta tashi a kan wanda ya canja farashi ko kwanan wata, shaida tana nan. Trello kuwa allo ne na jera ayyuka: wanda ba a fara ba, wanda ake kai, wanda aka gama.

MATAKI NA UKU: GYARA, DA MATSALAR HARSHE

A nan ne ya kamata mai rubutu da Hausa ya yi taka-tsantsan, domin akasarin manhajojin gyara an gina su ne a kan Turanci. Grammarly, wanda ya fito a 2009, yana kama kurakuran nahawun Turanci. Hemingway Editor yana shafa wa dogayen jimloli launin rawaya ko ja. Ma'aunin sauƙin karatu da Rudolf Flesch ya fitar a 1948, wanda ke cikin Microsoft Word, yana ƙirga yawan kalmomi a jimla da yawan gaɓoɓi a kalma. To, amma kalmomin Hausa bisa ɗabi'arsu masu yawan gaɓoɓi ne. «Makaranta» gaɓa 4 ce, alhali kuwa ba yaron da bai san ta ba. Wanda ya ɗora rubutun Hausa a kan wannan sikeli ya auna hatsi da mudun wata kasuwa.

Kayan gyaran Hausa na gaskiya guda 3 ne. Na farko ƙamus: na Bargery na 1934, wanda yanzu ake iya bincikawa a intanet, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Na biyu allon madannai mai haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, kamar Gboard a waya ko Keyman a kwamfuta. Wannan ba ado ba ne. A ɗauki misalin tallar man shafawa da aka so a ce «zai ba ta haske». Idan mai bugawa ya haɗe kalmomin ya rubuta «zai bata haske», kuma mai karatu ya saba ganin ana zubar da ƙugiya, to abin da zai karanta shi ne man zai ɓata haske. Tazara guda da ƙugiya guda sun juyar da talla ta koma kushe. Haka bambancin «baki» da «baƙi», ko «kafa» da «ƙafa».

Akwai kuma wani sirri da ya kamata mai aika talla ta gajeren saƙon waya ya sani. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar harafi mai ƙugiya ya shiga, tsarin aikawa yakan canja, iyakar ta faɗo zuwa harafi 70. Saƙo mai harafi 150 da za a biya kuɗin guda ɗaya sai ya koma guda 3. Wanda ya san haka zai zaɓa da idonsa a buɗe: ko ya taƙaita saƙon, ko ya nuna ƙugiyar da waƙafin sama kamar yadda ake yi a zamanin tafireta.

Kayan gyara na uku shi ne kunne. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko kuwa ba ya nuna su, ga shi kuma yawancin tallar Hausa ta rediyo ake jin ta. Saboda haka wajibi ne marubuci ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, ya naɗi muryarsa a waya ko da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ya saurara. Nan zai ji inda numfashi ya yanke, nan kuma zai gane ko rubutun ya shiga daƙiƙa 30 da aka saya.

FASSARAR NA'URA DA ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA

An shigar da Hausa cikin Google Translate a 2013, a watan Nuwamba na 2022 kuma ChatGPT ya fito, wasu irinsa suka biyo baya. Waɗannan manhajoji sun koyi harshe ne daga tulin rubuce-rubuce, Turanci ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa sau da yawa Hausarsu takan zo da kalmomin Hausa a kan ƙashin jimlar Turanci. Har wa yau, aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, don haka sukan ƙago lamba ko suna ko siffar kaya, su faɗa babu ko ɗar.

Suna da amfani inda kuskure ba shi da tsada: jero kanu 20 domin marubuci ya zaɓa ya gyara, taƙaita dogon rahoto, ko kawo tambayoyin da mai saye zai iya yi. Inda kuskure ke da tsada kuwa, kamar adadin magani, ko kuɗin ruwan banki, ko ranar rufe rajista, kowace kalma sai an gwada ta da takardar asali. Doka ba ta san na'ura ba. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin a fitar, tallar magani da abinci kuma sai da amincewar NAFDAC. In ƙarya ta fita, mutum za a kira. Bugu da ƙari, bai dace a zuba asirin mai kaya ko takardar ofis cikin irin waɗannan manhajoji ba tare da izini ba.

MATAKI NA ƘARSHE: GWAJI

Claude Hopkins, cikin littafinsa na 1923, ya nace a kan cewa talla abar aunawa ce. Yakan sa wa kowace talla takardar yankewa mai lamba ta dabam, sa'an nan ya ƙirga wadda ta fi dawo da amsa. Abin da shi yake jira makonni, na'ura tana yi cikin kwanaki. A 2007 ma'aikatan yaƙin neman zaɓen Barack Obama sun gwada hotuna da bidiyo 6 da kalmomin maɓalli 4, watau haɗi 24, a kan mutum fiye da 300,000 da suka ziyarci shafinsu. Ma'aikatan sun fi son bidiyo, amma hoton iyali ne ya ci, masu ba da adireshinsu suka tashi daga kashi 8.26 zuwa kashi 11.6 cikin 100. Darasin shi ne ra'ayin ƙwararre ma yana bukatar shaida. Mailchimp da shafin tallar Facebook suna ba ƙaramin ɗan kasuwa damar yin irin wannan gwaji, da sharaɗin a canja abu guda kawai a lokaci guda. Wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki yana iya karanta sanarwarsa ga mutum 5 daga cikin waɗanda aka yi ta dominsu, ya ce su maimaita abin da suka fahimta.

KAMMALAWA

Manhajoji suna zuwa suna wucewa. WordStar da ya mamaye ofisoshi a farkon shekarun 1980 yau sai a tarihi, wasu daga cikin waɗanda aka ambata a nan ma haka za su bi. Ɗabi'un kuwa, watau karatu kafin rubutu, da killace lokaci, da barin daftari ya kwana, da karantawa a bayyane, da gwaji, sun yi wa Hopkins aiki shekara 100 da suka wuce, suna kuma yi har gobe. Ɗalibin da ke shirin shiga wannan sana'a, da ma'aikacin da sanarwarsa za ta isa kunnen dubban mutane, ya isa kowannensu ya riƙi manhaja guda a kowane mataki, ya ƙware a kanta, sauran ƙarfinsa ya zuba shi a kan sanin kayan da yake tallatawa da harshen mutanen da yake yi wa magana.