Jawabi ga masu tafiya cin rani: 15 ko 50?

Kaka ta wuce, samari da yawa suna shirin tafiya Najeriya. A Jibiya ko Illela ko Maigatari, Hausa ta ishe ku ciniki. Amma wanda ya kai rago Legas, watakila mai saye Ingilishi zai yi masa. Akwai kalmomi biyu da nake so ku riƙe, don suna cin kuɗin mutane.

Ta farko fifteen, wato 15. Ta biyu fifty, wato 50. Ga baƙon kunne kamar ɗaya ne. To ku yi lissafi: tsakanin naira dubu 15 da dubu 50 akwai dubu 35.

Bambancin yana ƙarshen kalma. A wajen 50, ana buga murya a farko, a yanke ƙarshen gajere: FIF-ti. A wajen 15, ana jan ƙarshen, a rufe da n: fif-TIIN. Wannan ee da kuka gani a rubuce, i ne mai tsawo. Jan wasali ba baƙonmu ba ne. Garin da muke zaune daban, garin tuwo daban, kuma ja ne ya raba su.

Amma ku kula. In thousand, wato dubu, ta biyo baya, sau da yawa bugun muryar 15 yakan koma farko, kamar na 50. Sai ku kasa kunne ga jan nan da n ɗin.

Sai harafin f. Mu da leɓɓa biyu muke faɗinsa, a nan wajenmu ma har yakan zama h. Su kuwa haƙoran sama suke ɗorawa bisa leɓen ƙasa, su huro iska. Ku gwada yanzu. Kada kowa ya ji kunya, dattawa ma su gwada.

Daga 13 zuwa 19 duk da tiin suke ƙarewa, daga 20 zuwa 90 kuma, in ana tafiya goma-goma, da ti. Kada kuma ku manta, ba a ƙidaya naira da dala kamar sefa. In an ce 50, hamsin ɗin ce.

In kasuwa ta cika da hayaniya, kada ku sallama da baki. Ku miƙa takarda ko salula, mai saye ya rubuta lambar, ku karanta da kanku. Yanzu kowa ya ɗauko allonsa. Zan faɗa, ku rubuta.