Wa ke auna iskar da ake cewa Nijar na fitarwa?



Yau ina so mu yi magana kan iskoki biyu masu ɗumama duniya: metan da N2O. Metan na fitowa daga gyatsar shanu, raƙuma da tumaki, daga fadamun shinkafa, juji da rijiyoyin man fetur. Cikin shekara 20, ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar karbon wajen sau 80. Ita kuwa N2O, daga takin zamani da kashin dabbobi take tashi, kuma tana wuce shekara 100 a sararin sama.

To, idan aka ce Nijar ta fitar da tan kaza a shekara, ina aka samo wannan lamba? Galibi lissafin biro ne. A ɗauki yawan shanun ƙasa, a ninka da adadin da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar wa saniyar Afirka gaba ɗaya. Kamar manomi ne ya dubi faɗin gona ya ce zai samu dami ɗari. Ƙiyasi ne mai amfani, amma sai an sussuka an auna da tiya ake sanin abin da ya shiga rumbu.

Tiyar nan akwai ta. Ana kafa na'ura a kan hasumiya ko tsauni tana auna iskar da ke wucewa dare da rana. Sai a haɗa da bayanan yanayi a kwamfuta, a bi sawun iskar a koma baya: ta ina ta biyo, metan nawa ta ɗauko a hanya? Idan ta iso da fiye da abin da ta shigo yankin da shi, ƙarin nan daga yankin ya fito. Birtaniya da Suwizalan suna gwada rahotonsu na ƙasa da irin wannan awo.

Mu fa? Tashoshin irin wannan kaɗan ne a Afirka. Akwai Assekrem a tsaunukan kudancin Aljeriya, akwai Lamto a Kodebuwa. Ku dubi taswira ku ga faɗin Sahel da ke tsakani. Tauraron ɗan Adam na Turai, Sentinel-5P, da aka harba a 2017, yana hango metan daga sama, amma ƙura da gajimare na rage masa gani, kuma ba ya auna N2O.

Mi ya sa wannan ya shafe mu? A taron Glasgow na 2021 ƙasashe sama da 100 sun yi alkawarin rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Da lambobi ake zama teburin ciniki, da su ake neman kuɗin yanayi. Saniyar Azawak da ke ramewa da rani ta murmure da damina, ba lalle ta dace da lambar da aka rubuta mata ba. In lambar ta yi yawa, makiyayi ya ɗauki laifin da ba nasa ba. In ta yi kaɗan a wajen man Agadem, yoyo zai wuce ba wanda ya gani, ga kuma asarar gas.

Abin da nake roƙo mu nema uku ne. A kafa tashar awo a ƙasarmu. Muna da AGRHYMET da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. A horar da ɗalibanmu su sarrafa bayanan da kansu. Kuma a fassara rahoton ƙasa cikin harsunanmu, a karanta a rediyo, domin makiyayin Abalak ya ji abin da aka rubuta game da garkensa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.