Tsadar Fetur da Tafiyar Mutanen Karkara: Abin da Na Gani a Ƙasar Dambatta



An nemi in yi magana a kan tsadar man fetur, ni kuwa ba masanin tattalin arziki ba ne. Abin da zan iya kawai shi ne in faɗa muku abin da idona ya gani a ƙauyenmu, can arewa da Kano, a ƙasar Dambatta, inda gona ke manne da gona, ba ka tafiyar rabin sa'a a ƙasa ba ka tarar da wani gari ba.

Bari mu fara tuna yadda aka zo nan. A 1978 kuɗin lita ɗaya bai kai kwabo 16 ba. A watan Afrilu na 1988 aka ɗaga shi daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42, kuma a kan wannan ɗan ƙari ne ɗaliban Jami'ar Jos suka tayar da ƙurar da ta game ƙasa. A Janairun 2012 aka kai shi naira 141 daga naira 65, jama'a suka fito, har a nan Kano, sannan aka sauko da shi 97. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 600 a watan Yuli, ta wuce naira 1,000 a Oktoban 2024. Watau ninki biyar ke nan cikin wata goma sha bakwai.

Idan ana wannan zance a birni, abin da ake kawowa shi ne ma'aikacin da ya jingine motarsa ya koma hawa A Daidaita Sahu. Ban raina wahalarsa ba. Amma shi yana da abin da zai koma wa. Mutumin karkara kuwa fetur ya shiga rayuwarsa ta ƙofofin da ɗan birni bai sani ba. Da shi ake niƙa da sussuka, da shi injin ban ruwa ke tashi a gonakin rani na bakin madatsar Tomas, da shi ake kai buhu kasuwar Dawanau. Kuma fiye da kome, da shi babur ke tafiya.

A nan nake so in ɗan daɗe. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, sabo da haka da yawa daga cikinku kun manta da shi. A wurinmu kuwa babur shi ne motar kasuwa, shi ne motar biki, shi ne kuma motar asibiti. Daga bakin kwalta zuwa ƙauyenmu hanya burji ce, da damina sai ta zama rafi. Direban bas ba ya shiga. Da fetur ya tashi, ɗan acaɓa ya daina ɗaukar mutum ɗaya, sai ya jira an cika uku, wani lokaci da akuya a gaba. A gangare ya kashe inji. Ba ya cika tanki, sai ya sayi kwalba guda wurin 'yan bumburutu, a farashin da ya fi na gidan mai, domin gidan man ma sai ya ƙona mai kafin ya kai gare shi. Talaka ke nan: shi ya fi kowa nisa da abu, shi ya fi kowa biyansa da tsada.

Na ga matan da suka rage zuwa awon ciki. Na ga dattijon da ciwo ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa suna jiran ranar kasuwa domin a haɗa tafiyar asibiti da ta sayar da tunkiya, kada a biya kuɗin babur sau biyu. Zumunci ma, wanda aka ce a ƙafa yake, ya koma waya: ta'aziyyar da gida guda kan tashi a je, yanzu mutum ɗaya ake wakiltawa.

Wani zai ce, to a koma wa jaki mana, kamar kakanninmu. Lalle jaki shi ya riƙe wannan ƙasa. Baturen nan Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itace da hatsi, su komo da mangalar taki, abin da ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Amma ina jakin yake a yau? Da babur ya yi araha muka sayar da shi, masu fataucin fata kuma suka bi sauran suna kai wa ƙasar Sin, har sai da Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki a Fabrairun 2024. Mun saki reshe mun kama ganye, ga shi ganyen ya tsinke. Keke ne kaɗai ya dawo da martabarsa. Mai facin taya a garinmu, wanda a da yake hamma a gindin darbejiya, yanzu har yaron shago ya ɗauka. Wasu manoman rani kuma sun juya injinansu zuwa gas na girki, masu hali sun sayi na hasken rana.

Yanzu zan juyo gare ku, 'yan'uwana da kuka fara aikin gwamnati, da mu da muke hanya. Daga Kano zuwa Dambatta kamar kilomita 50 ne. Shekaru da yawa al'adar ma'aikaci ita ce a tura shi ƙauye, ya zauna a birni, ya riƙa sammako daga tashar Ƙofar Ruwa. Da mai ya yi tsada, lissafin ya rushe. Ko da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, wanda zai yi wannan tafiya kullum, zuwa da dawowa, ya san abin da zai rage masa. Sai aka shiga raba kwana: ni Litinin da Talata, kai Laraba da Alhamis. Ƙanena yana aji biyar na firamare. A zangon da ya wuce na duba littafinsa na lissafi, na tarar da shafi shida kacal.

Ban ce malamin nan mugu ba ne, kuma ban tabbata ni zan fi shi ba idan na gama. Amma kada mu ruɗi kanmu da cewa dabara muka yi. Tsadar ce muka sauke daga aljihunmu muka ɗora wa yaron da ba shi da bakin magana. Iyayenmu sun ba da labarin lokacin da malami da malamin asibiti suke kwana a garin da suke aiki, a gidan da hukuma ta gina musu. Gidajen nan suna nan a garuruwa da yawa, rufinsu ya yaye, awaki ke kwana a ciki.

Sabo da haka ina roƙon wannan ƙungiya abu guda. A hutu mai zuwa, kowane ɗalibi daga Bichi, Kunci, Makoɗa, Tsanyawa, Minjibir da Dambatta ya ƙirga gidajen ma'aikatan da ke mazaɓarsa, da waɗanda za su gyaru. Mu haɗa takardar mu kai wa shugabannin ƙananan hukumomin nan da hannunmu. Na garinmu na riga na ƙirga: huɗu ne, biyu kwano kawai suke bukata.