Hoton Ƙashin Wuya: Yaushe Ake Bukatarsa?

Yau a filin lafiya zancen wuya za mu yi.

Ƙasusuwa bakwai ne a wuyan ɗan Adam. Na farko, wanda kai ke zaune a kansa, kamar zobe yake. Na biyu yana da ɗan tsini da ya shige cikin zoben, a kansa kai ke juyawa in ka waiwaya. Laka ta tsakiya take bi, jijiyoyin jini biyu kuma ta gefe suke hawa ƙwaƙwalwa.

A Amurka akwai sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu, kayirofiraktik. Daniel Palmer ya fara ta a 1895, shekarar da aka gano hoton ƙashi a Jamus. Ɗansa ya shigo da hoton cikin sana'ar a 1910, daga baya ya dage cewa gocewar ƙasusuwan nan biyu ce tushen cututtuka. Har gobe mabiyansa na ɗaukar hoto, su ja layi su auna, su ce ƙashi ya karkace, a biya su su danna shi.

To, bincike bai tabbatar da zancen nan ba. Ƙashin lafiyayye ma ba ya zama daidai wa daida, kuma ɗan karkata kai lokacin ɗauka na iya canza awon. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da tsagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki.

Amfanin hoton, wanda 'yan Nijar ke cewa radiyo (ba irin tamu ba!), shi ne neman karaya. Wani ya faɗo daga babur, ko sa ya tunkuye shi, ko buhu ya sauko masa a ka, sai wuya ya riƙe, hannu na mutuwa, ƙafa ba ƙarfi. Don Allah kada a ja, kada a murɗa. Mai ɗori ya san aikinsa, amma ba ya ganin cikin wuya. A kwantar da shi bisa katako, kai da jiki a miƙe, a tokare kan da zannuwa ta kowane gefe, sai asibiti. Can in an ce ya buɗe baki a ɗauki hoto, kada ku yi mamaki, tsinin nan ake son gani. Mai juna biyu kuma ta faɗa tun kafin a ɗauka.