Ina Rabon Yaro Naƙasasshe a Sulusinmu?

   

Ba zan karanta muku babin gado ba, a ɗakin nan akwai waɗanda suka koya mini shi. Kowa ya san jerin: a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, sannan a raba saura. Kowa ya san Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da ya kwanta ciwo a Makka yana da 'ya ɗaya tal, ya so ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsayar da shi a kan sulusi. To, ina sulusin nan yake tafiya a ƙasar Hausa?

Mafi yawansa ba ya zuwa ko'ina, domin ba ma rubuta wasiyya. Attajirin da ba zai bar bashin yadi goma ya kwana ba a rubuce ba, ka ce masa ya rubuta wasiyya sai ya murtuke fuska kamar ka yi masa fatan mutuwa, alhali hadisin Ibn Umar bai yarje wa mai abin wasiyya ya yi kwana biyu ba ta a rubuce ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wanda kuwa ya daure ya yi, a iya abin da na gani, masallaci yake cewa. Ban raina ginin masallaci ba, Allah Ya kiyaye. Amma na san layin da yake da masallatai uku, a cikinsa kuma akwai yarinya kurma 'yar shekara goma da ba ta taɓa shiga aji ba. Nan muke saɓawa da wasu malamai abokaina shekara da shekaru, kuma har yau ina kan bakana.

Yara naƙasassu ba daga sama suka faɗo ba. Sanƙarau na 1996 ya kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan, ya kurumtar da da yawa cikin waɗanda suka tashi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano. A 2020 an tabbatar ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Najeriya, amma ƙafar da ta shanye ba ta miƙe ba. Yau kuma doguwar naƙuda da shawarar jarirai suna ta taɓa ƙwaƙwalwar yara, su bar su ba zama ba tafiya.

Ga hujjar da nake so ku tafi da ita gida. Yaro girma yake yi. Ku ba gurgu ɗan shekara shida keke da azumin bana, kafin ya cika tara gwiwarsa na dukan kan keken, taya ta yi sanƙo, ɗiyan boris sun zube. Takalmin ƙarfen da aka auna masa a asibitin ƙashi na Dala, ƙafa na ƙara tsawo ya zama abin da ke yi masa gyambo. Na'urar da ake saƙala wa kurma a kunne batir take ci, ranar da ya ƙare yaron ya koma shiru. Gashin ƙashi mako-mako ake zuwa, shekara da shekaru, kowace tafiya da kuɗin mota. Maganin farfaɗiya kullum ake sha, in an tsallake ciwo ya dawo. Malamin maganar hannu da mai koyar da rubutun makafi albashi suke jira ƙarshen wata. Na taɓa shiga ɗakin ajiya na wata cibiya, na tarar da kekunan guragu jibge har rufi, kowanne da sunan wanda ya bayar a rubuce a bayansa, babu mai lafiya ko ɗaya, babu kuma kuɗin walda. Buƙatar yaro naƙasasshe duk wata take zuwa, kyautarmu kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara, da mai ɗaukar hoto a gefe.

Abin da yake zuwa duk wata shi ne haya. Saboda haka nake cewa a yi wasiyya da abin da ke haihuwa, a mai da shi hubusi. Mu ɗauki misali: mutum ya bar naira miliyan 90 bayan an biya bashi. Miliyan 60 na magada ne, babu mai taɓa musu. Ko miliyan 10 kawai ya ware daga sulusinsa aka sayi shago, a ce hayarsa ta gyaran keke da batir ce ga yaran makaranta kaza, to yana kabari ladan na bin sa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara: aka tsare asalin, aka yi sadaka da amfanin. Masu tarihi sun ruwaito Walidu ɗan Abdulmalik ya yanka wa naƙasassu abin masarufi, ya ba makaho ɗan jagora, ya ba gurgu mai hidima. Asibitin Sarki Ƙalawun da aka gina a Alƙahira wajen 1284 da wakafi ya rayu ƙarni bayan ƙarni. Amma a nan, 'yan mishan ne suka buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953, mu da muke karanta Suratu Abasa a salla muna kallo.

Za a ce wannan aikin gwamnati ne. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya an sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin ya cika a 2024. Ku fita ku ƙirga matakala. Yaro ba zai daina girma yana jiran kasafin kuɗi ba. Za a ce ƙungiyoyi na cinye amana. Akwai masu ci, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A rubuta, a sa shaidu biyu adalai, a ambaci wanda zai kula da abin da wanda zai gaje shi, a fayyace inda kuɗin zai tafi, a kai takardar gaban alƙali.

Iyaye mata kan tare ni da tambaya ɗaya: "Malam, in na mutu wa zai riƙe mini shi?" Ku ji da kyau. Babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda, don haka ɗanki naƙasasshe ba zai ci sulusinki ba. Hanyar ita ce kyauta ko hubusi tun kina da lafiya, kuma a Malikiyya sai abin ya fita daga hannunki, shi ko waliyyinsa ya karɓa. In kika bari sai ciwon ajali, hukuncin wasiyya zai hau kansa. Jikan da ba ya cikin magada kuwa, shi ana iya yi masa wasiyya.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma na sha faɗinsa. Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da takwararta ta Sakkwato su buga takardar wasiyya mai shafi ɗaya, da boko da ajami, a ajiye a kowace kotu. Limamanmu su ba wasiyya huɗuba guda a shekara, su ambaci kurame da makafi da guragu da sunansu. Ku kuma da kuke zaune nan, galibinku kuna da abin da za a raba. Kada Juma'a mai zuwa ta same ku ba ku rubuta ba, kuma ku sa yaran nan a ciki.