Jawabi Ga Masu Horar da 'Yam Mata Ƙwallo a Maiduguri



Duk wanda ya zaga filayen makarantun Maiduguri da la'asar zai tarar da 'yam mata suna buga ƙwallo a kan busasshiyar ƙasa. Lafiyar gwiwoyinsu ita ta tara mu yau. Likitoci sun tabbatar cewa jijiyar cikin gwiwa ta fi saurin tsinkewa ga mace bisa ga namiji, in kuwa ta tsinke, sau da yawa sai an yi aiki a asibiti, da jinyar watanni. Ko Asisat Oshoala, ciwon gwiwa ne ya fitar da ita daga gasar Afirka ta 2022.

To, riga-kafin yana hannun mai horarwa. A shekarar 2006 hukumar FIFA ta fito da tsarin motsa jiki mai suna 11+: minti 20 kafin a taɓa ƙwallo, aƙalla sau biyu a mako. Sassarfa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙarfafa cinya, da koyon dira ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Ba ya cin ko kwabo. An gwada shi a kan 'yam mata 1,892 a ƙasar Norway, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Ikko ma, binciken 2014 a kan samari ya sami raguwar kashi 41 cikin ɗari.

Saboda haka, iyaye na nan gida, da 'yan'uwanmu mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, ku tambayi mai horar da 'yarku ko yana bin wannan tsari. Ku kuma malamai, 'yar mutane amana ce a hannunku. Allah Ya kiyaye mana su, amin.